An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A watan Nuwamban 2024, kwanaki kaɗan bayan Lakurawa sun kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, na shiga motar haya daga Kamba zuwa Birnin Kebbi. A wani shinge aka tsayar da mu, aka leƙo ana bin fuskoki da kallo. Duk cikinmu ba wanda aka tambayi takarda sai wani saurayi da ke can kujerar baya rungume da buhun kayansa. Da ya buɗe baki, Hausar tasa ta fito da nauyin Zabarmanci, sai aka ce ya sauko. Direba har ya sa giya zai wuce, wata dattijuwa da ke kusa da ni ta buga bayan kujerarsa.

"Direba, tsaya. Ranka shi daɗe, mi yaron ga ya yi? Na san uwatai, maƙwabtanmu na. In riƙe shi za ku yi, ku riƙe mu gaba ɗai."

Ta sauka da sandarta. Wani mai albasa ya bi ta, sannan ni. Da aka ga mota ta ƙi tafiya kuma mutum huɗu na tsaye a rana, aka yi wa yaron tambaya biyu aka ce ya koma ciki. Har muka iso gari bai ce uffan ba, hannunsa ne kawai ke rawa a kan buhun.

Tun ranar nake juya abin a raina. Mun fi mutum shida a motar nan, kowa ya san yaron bai yi komai ba, kuma da tsohuwar ba ta yi magana ba da mun tafi mun bar shi. Abin da ya cece shi ɗan gari ne da ya yarda ya ɓata lokacinsa a kansa. Duk inda na duba a tarihin fafutukar kare haƙƙin baƙi, daga Amurka zuwa Ingila zuwa Afirka ta Kudu, wannan abin nake tararwa a ƙarƙashi.

Mu fara da yadda ake ɗora wa baƙo laifi, domin hanyar kusan ɗaya ce ko'ina, kuma mu kanmu mun taɓa bin ta. A farkon shekarun 1980 farashin man fetur ya faɗi, aikin yi ya ƙafe, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, ga zaɓe na tafe a watan Agustan 1983. A watan Janairun shekarar, gwamnatin Shehu Shagari ta bakin ministan harkokin cikin gida Ali Baba ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Najeriya. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran 'yan Nijar da Togo da Benin da Cadi da Kamaru. An kafa hujja da rashin aiki, da fashi, da rikicin Maitatsine na Kano a 1980, tun da Muhammadu Marwa daga Kamaru ya fito. Buhun ledar nan mai ratsin ja da shuɗi da kowace kasuwa ke sayarwa, a lokacin ya samo sunan da muke kiransa da shi, "Ghana Must Go", domin a cikinsa mutane suka cusa abin da suka tara na shekaru. Baƙi sun tafi, farashin mai bai tashi ba, aiki bai dawo ba, kuma ranar 31 ga Disamban shekarar soja suka kifar da gwamnatin. A 1985 aka sake yin wata korar.

Gana ma ta riga mu. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi mako biyu, Yarbawa da Hausawan zango da aka haifa a Kumasi da Akara suka kwaso yara suka nufo ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. Shekara goma sha huɗu tsakani, wanda aka kora ya zama mai kora.

Me ya sa baƙo? Domin ba ya zaɓe, ba shi da ɗan majalisa, ba shi da dangin da za su cika ofishin 'yan sanda in an kama shi. Shugaban da ya kasa sauko da farashin hatsi ko samar da aiki yana buƙatar wani abu da zai yi jama'a su gani da ido, kuma loda mutane a tirela abu ne da ake gani. Talakan da yunwa ta dama shi ma ya fi iya kai hannu ga mai shayin bakin layinsu a kan ya kai ga wanda ya sace kuɗin takin zamani. Haka ake barin jaki ana dukan taiki. Kuma da zarar an buɗe wannan ƙofa, ba ta tsayawa kan baƙon. A 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, aka jefa shi Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta maido masa da haƙƙinsa. A tarzomar ƙin jinin baƙi ta watan Mayun 2008 a Afirka ta Kudu an kashe mutum 62, kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan ƙasar ne, waɗanda aka ga fatarsu ta yi duhu da yawa ko harshensu bai yi wa masu kisan daidai ba.

A wannan zamani an sami ƙarin abu ɗaya, wato saurin ƙarya. Ranar 29 ga Yulin 2024 wani matashi ya kashe 'yan mata ƙanana uku da wuƙa a garin Southport na Ingila. Kafin dare ya yi, labari ya cika intanet cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira da ya shigo ta kwale-kwale. Ƙarya ce, a Cardiff aka haife shi. Amma washegari aka far wa masallacin garin da duwatsu, kwanaki kaɗan kuma aka yi yunƙurin cinna wa wani otal wuta a Rotherham da masu neman mafaka a ciki. A Amurka, cikin yaƙin neman zaɓen 2024, an yaɗa cewa 'yan Haiti da ke Springfield ta jihar Ohio suna cinye karnuka da kyanwoyin mutane, Donald Trump ya maimaita a muhawarar talabijin, hukumomin garin suka ce babu wannan magana, amma sai da aka rufe makarantu saboda barazanar bam. Wanda ya taɓa samun saƙon murya a WhatsApp cewa "an ga baƙin fuskoki an sauke su a tirela da dare" ya san yadda irin wannan wuta take kamawa.

To me yake kashe ta? Abin da ya biyo baya a Ingila ya isa a tsaya a kansa. Da gari ya waye a Southport, maƙwabta waɗanda yawancinsu ba Musulmi ba ne suka fito da tsintsiya, magina suka zo da bulo da siminti suka gyara katangar masallacin kyauta. Sai aka baza jerin ofisoshin lauyoyin baƙi da za a kai wa hari ranar 7 ga Agusta. Da yammar ranar sai dubban mutane, farare da baƙaƙe da 'yan Asiya, 'yan ƙwadago da limaman coci da na masallaci, suka cika titunan Walthamstow a Landan da Bristol da Brighton da Newcastle suka tsaya a gaban waɗannan ofisoshi. A mafi yawan wuraren masu harin ba su ko fito ba. Kamun da 'yan sanda suka yi da saurin hukuncin kotu sun taimaka ƙwarai, ba a musun wannan. Amma mai jifan masallaci yana yi ne da tunanin cewa gari na bayansa, kuma a daren nan ya ga garin a tsaye a gabansa.

A Amurka an ga irin haka a farkon 2017, da Trump ya hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga ƙasar. Lauyoyi suka zauna a ƙasa a filayen jirgin sama da kwamfutocinsu suna rubuta ƙara kyauta, direbobin tasi na New York suka daina ɗaukar fasinja a filin jirgi na sa'a guda, 'yan Yaman masu kantuna suka rufe shagunansu, Yahudawa da Kiristoci suka fito tare da Musulmi. Kafin nan, a ƙarshen 2005, an kawo dokar da za ta mayar da zama ba takarda babban laifi, har ta shafi wanda ya taimaki baƙo. A 2006 miliyoyi suka fito a birane, kimanin rabin miliyan a Los Angeles kaɗai, kuma ranar 1 ga Mayu baƙi suka ƙi zuwa aiki don a ga yadda ƙasar take in babu su. Dokar ta mutu a majalisa. A Faransa, wani manomin zaitun mai suna Cédric Herrou da ke kusa da iyakar Italiya ya sha gurfana a kotu don ya ba 'yan Afirka wurin kwana a gonarsa, har a 2018 majalisar kare tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa taimakon ɗan Adam don jinƙai, ko da ba shi da takarda, yana cikin 'yan'uwantakar da ƙasar ke taƙama da ita.

Akwai ƙorafin da nake ji a majalisa a nan Birnin Kebbi, kuma ba na raina shi. Lebura zai ce maka ɗan ci-rani ya karya farashin aiki: abin da shi zai yi a kan kuɗi kaza, na ƙetare zai yi a kan rabi. Gaskiya ne hakan na faruwa, a wurin gini da yankan shinkafa a fadama. Amma wa ya ci ribar ragin? Mai gona da ɗan kwangila. A gonakin inabi na Delano a Kalifoniya, shekara da shekaru masu gona suna wannan wasa: in 'yan Filifin suka yi yajin aiki a kawo 'yan Meziko, in 'yan Meziko suka yi a kawo 'yan Filifin. A Satumban 1965 'yan Filifin ƙarƙashin Larry Itliong suka ajiye aiki, suka je wurin Cesar Chavez, jagoran leburorin gona 'yan Meziko, suka nemi mutanensa kada su karɓi gurbinsu. 'Yan Meziko suka amince, ƙungiyoyin biyu suka haɗe, jama'ar birane suka daina sayen inabi. Sai da aka shekara biyar, amma a 1970 masu gona suka sa hannu a kan ƙarin lada. Baƙo yana karɓar rabin kuɗi ne saboda tsoro, ya san in ya yi gardama za a kira masa hukuma. Duk abin da ya ƙara masa tsoro ya ƙara arhar aikinsa, ya kuma ƙara karya leburan gida. Saboda haka ƙungiyar magina ko ta masu dako da ta shigar da ɗan Doso cikinta, ta ce kuɗin yini ɗaya ne ga kowa, kanta ta yi wa gata.

Kada a ɗauka kullum nasara ake yi. A Fabrairun 1999 'yan sandan New York suka harba harsashi 41 kan Amadou Diallo, Bafulatanin Gini mai talla a bakin titi, a ƙofar gidansa, ba ya riƙe da komai sai walat. Sama da mutum dubu, baƙaƙe da farare, har da tsohon magajin garin David Dinkins, suka miƙa kansu aka kama su a zanga-zanga. Duk da haka kotu ta wanke 'yan sandan. Kotun ƙolin Amurka ta amince da dokar hana shiga ta Trump a 2018, a 2020 kuma aka saka Najeriya a jerin. A Tunisiya, da shugaba Kais Saied ya ce a Fabrairun 2023 wai zuwan baƙaƙen fata makirci ne na sauya ƙasar, aka shiga fitar da mutane daga gidajen haya ana dukansu a titi. Ɗaruruwan 'yan Tunisiya sun yi maci suna cewa su ma 'yan Afirka ne, amma a 2024 an kama Saadia Mosbah, baƙar fata 'yar ƙasar da ta shafe shekaru tana yaƙi da wariyar launin fata. A ganina abin da haɗin kan yake yi shi ne tsadar da zalunci. Yana sa mai niyya ya lissafa cewa ba da mutum ɗaya zai yi ba, kuma sau da yawa wannan lissafin kaɗai ke tsakanin mutum da mutuwarsa.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin babu inda ba mu zama baƙi ba. A Sudan, jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da na alhazan da suka yada zango a hanyar Makka, har yau ana ce musu baƙi. A Yulin 2022 an kashe sama da mutum ɗari a jihar Blue Nile bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu. A Aljeriya ana kwaso 'yan Nijar da 'yan Najeriya a zube su a hamada su taka kilomita goma sha biyar zuwa garin Assamaka na Nijar. Ko a cikin gida, mun ga rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, inda gwamnonin Kebbi da Zamfara da Kano da Neja suka tafi jaje. Mun ga Uromi a Maris ɗin 2025, inda aka ƙone mafarauta 16 'yan Kano da ke hanyar zuwa gida hutun salla, don kawai an ce masu garkuwa da mutane ne. Duk wanda ya ga bidiyon kisan nan ya yi tambaya ɗaya: a duk taron nan ba a sami mutum ɗaya da zai ce a dakata ba?

Tambayar daidai ce, kuma tana nan tana jiranmu a ƙofar gida. A 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa sun ba Inyamurai wa'adin barin yankin. A Zamfara, an sha tare Bafulatani a kasuwa a kashe shi ba shari'a don kamanninsa da sandarsa, kuma mutanen jihar da kansu sun san yadda wannan ya zama hujjar da 'yan bindiga ke jawo samari da ita zuwa daji. A nan Kebbi, tun da aka ce Lakurawa daga ƙetare suka shigo, ana yi wa Bazabarme da Buzu da Ba'are kuɗin goro. Alhali iyakar nan da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarnin da ya wuce ta ratsa ta tsakiyar dangi ne. Arawan Kangiwa da na Dogondutsi gida ɗaya ne, Dendawan Kamba da na Gaya suna auratayya, akwai Zabarmawan da kakanninsu a nan aka binne su. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma zumunci da kasuwa ba su fice ba. Kuma kada mu manta, daga 2019 da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan Zamfara da Sakkwato da Katsina, dubun-dubatar mutanenmu jihar Maradi suka gudu, talakawan ƙauyukan can suka raba ɗaki da rumbu da su tun kafin wata hukuma ta iso.

Ba cewa nake babu matsalar tsaro ba. Mutanen Mera da aka kashe 'yan'uwanmu ne, makamai kuma ta iyaka suke shigowa. Hukuma na da haƙƙin sanin wanda ya shigo da abin da ya ɗauko. Amma bincike daban, zargin ƙabila daban. Wanda zai fara ganin baƙin babura a daji makiyayi ne da mutumin ƙauyen bakin iyaka, kuma in ya san kai rahoto zai sa a fara da kama shi, shiru zai yi. Alƙur'ani ya faɗa a wuri fiye da ɗaya cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Kundin haƙƙin ɗan Adam na Afirka, wanda Najeriya ta amince da shi, ya haramta korar baƙi a dunƙule saboda ƙasarsu ko ƙabilarsu ko addininsu. Kakanninmu ma suna da tsarinsu tun zamanin fatauci. Baƙo ba ya sauka a gari sai yana da mai masauki, wanda zai kai shi gaban mai unguwa, ya tsaya masa a ciniki, ya amsa in an neme shi. Da wannan tsari ayarin goro ya yi ta zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Tsari ne da ya haɗa tsaron gari da mutuncin baƙo, domin wanda aka san mai masaukinsa ba a yi masa taron dangi, shi ma ba ya samun wurin ɓoye mugun nufi.

Ana yawan kawo labarin Muhajirai da Ansar a wa'azi, da na Najjashi, sarki Kirista da ya ƙi miƙa Musulmin da suka fake a Habasha. Misali na kusa shi ne Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tsaya a ƙofa gaban masu makamai ya ƙi ba da su. A lokacin dattijo ne ya haura tamanin, kuma maharan addininsu ɗaya da shi. Nan wahalar take. Tsaya wa naka a gaban wasu abu ne mai sauƙi, kowa ma zai yaba maka. Tsaya wa wani a gaban naka shi ke jawo a ce maka munafuki, a daina amsa sallamarka a majalisa.

A unguwarmu akwai mai shayi ɗan Doso da ya fi shekara goma a bakin masallaci. Makon da saƙon "a kori baƙi" ya zagaya wayoyi, kwana uku bai fito da teburinsa ba. A rana ta huɗu bayan sallar asuba liman ya riƙe mutane, ya ce a je a gaishe shi. Muka tafi mu goma sha wani abu, har da wani Bayarabe mai gyaran babur da ya gan mu a hanya ya bi mu. Mai unguwa ya zauna a kan tabarma a zauren, ya rubuta sunansa da na yaransa biyu da sunan mai gidan da ya ba shi haya, ya ce duk mai magana a kansa ya zo wurinsa. Liman ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, fito da tukunyarka, mutane na jiran shayi." Samari biyu suka ɗauki teburin, wani ya ɗauki buhun gawayi, muka rako shi har bakin masallaci.